Cinikin Gida da Rage Tsadar Zafin Bazara: Darasi Daga Gangaren Tudu, Keffi

GABATARWA

Da wuya magidanci ya yi wani ciniki a rayuwarsa wanda ya kai cinikin gida girma. Mutum yakan yi shekara ashirin yana tari, ko ya jira kuɗin sallamarsa daga aiki, ko rabonsa na gado, sa'an nan ya zuba su duka a wuri guda cikin yini ɗaya. Idan aka yi kuskure a wannan yini, nadamar takan bi mutum har ta kai ga 'ya'yansa. An shirya wannan darasi domin a wayar da kan jama'a game da abu biyu waɗanda akan raba su, alhali kuwa tare suke tafiya. Na farko shi ne yadda ake cinikin gida bisa ƙa'ida. Na biyu shi ne yadda ake rage kuɗin da zafin bazara ke ci wa mai gida kowace shekara. An ɗauki misali daga Gangaren Tudu, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Keffi ta Jihar Nasarawa, amma abin da ke ciki ya shafi kowane gari a ƙasar nan.

ABIN DA YA ƊAGA DARAJAR GIDAJE A KEFFI

Keffi tsohon gari ne, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, ya kuma daɗe ƙarƙashin Zazzau. Abubuwa uku suka sake masa kama a wannan zamani. A ran 12 ga Disamba, 1991, aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja, wadda ke nesa da Keffi da kimanin kilomita 50. A ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato. Sa'an nan dokar jiha ta 2001 ta kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi. Ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka yi ta gangarowa ta Mararaba da Masaka, ɗalibai da malamai kuma suka zo neman ɗakuna. Saboda haka gidajen gado na tsofaffin unguwanni, irin su Gangaren Tudu da Tudun Ƙofa da Liman Abaji, waɗanda a da ba a yi zaton za a taya su ba, suka zama abin nema. Inda kuwa kuɗi ya yi yawa, nan 'yan damfara da rigingimun magada ke yawaita.

ABIN DA DOKA TA CE

Lalle ne mai saye da mai sayarwa su san Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ran 29 ga Maris, 1978. Dokar ta ɗora dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Watau abin da mutum ke saye shi ne ginin da kuma ikon zama a filin, wanda akan ba da shi a takardar shaidar mallaka, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. Filayen cikin birane suna ƙarƙashin Gwamna kai tsaye, na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke kula da su.

Sashe na 22 na dokar ya hana mai riƙe da irin wannan iko a birni ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani, sai da yardar Gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi saɓanin dokar ba shi da inganci. Ba wasa ba ne wannan magana, domin a shekarar 1989, cikin shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar gida saboda ba a nemi yardar Gwamna ba, ta kuma bayyana cewa sharaɗin ya hau kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin 1978. A Jihar Nasarawa, hukumar NAGIS, wadda aka kafa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, ita ke riƙe da rajistar filaye, can ne kuma ake zuwa bincike.

BINCIKE KAFIN TAYI

Hausawa sun hana cinikin biri a sama. Kafin mai saye ya buɗe baki ya yi tayi, ya kamata ya tabbatar da waɗannan abubuwa:

1. Wane ne mai gidan? A ga takardun asali da ido, a gwada sunan da ke jiki da na mai sayarwa. Hoton takarda bai isa ba. Idan wakili ne ya zo, a nemi takardar wakilci, a kuma gana da mai gidan kansa. Rubutun nan da akan gani a bangon gidaje, mai cewa gidan ba na sayarwa ba ne, ya samo asali daga masu sayar da abin da ba nasu ba.

2. Gidan gado ne? To, an raba gadon? A ga takardar kotun da ta yi rabon, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, a kuma sa hannun dukan magada, maza da mata, har da waɗanda ke wani gari da wakilan marayu. A shari'ar Musulunci, wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, watau yana iya biyan kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar.

3. An jinginar da gidan a banki, ko ana shari'a a kansa? Lauya zai bincika wannan a ofishin rajistar filaye da kotu.

4. Ina iyakar filin? Safiyo mai rajista ya auna, a gaban maƙwabta da mai unguwa. Mai unguwa ya san tarihin kowane gida, shaidarsa kuwa tana da amfani ƙwarai, sai dai ba ta maye gurbin rajistar gwamnati.

5. Gidan yana kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan filin da aka keɓe wa titi? A unguwar da ke kan gangare, a tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi a watan Agusta, a kuma dubi gindin bango ko akwai alamar laima.

6. Akwai bashin kuɗin wuta ko na ruwa? Akwai 'yan haya a ciki, yaushe kuma wa'adinsu zai cika?

A DUBA GIDA DA TSAKAR RANA

Yawancin masu saye sukan je duba gida da sanyin safiya ko bayan la'asar, lokacin da kowane ɗaki ke da daɗin zama. Wannan kuskure ne. A Keffi zafi yakan tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta kankama, wajen tsakiyar Afrilu kuwa rana takan tsaya daidai tsakar ka. Wanda ke son sanin halin gida sai ya shiga cikinsa tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na rana, ya sa a kashe fanka, ya zauna minti goma.

Yana zaune sai ya lura da waɗannan. Akwai silin ƙarƙashin kwano, ko kwanon ne tsirara? Yaya tsawon ɗakin daga daɓe zuwa silin? Tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can, ko taga ɗaya ce tak, katangar maƙwabci kuma ta toshe ta? Ɗakin kwana yana jikin bangon yamma? Idan haka ne, bulon zai sha ranar yamma, ya yi ta fitar da zafin har tsakar dare. Akwai itace a tsakar gida, ko an malale ko'ina da siminti?

Magabata sun san wannan ilmi. Soron ƙasa mai kaurin bango, wanda aka gina da tubali aka rufe da azara, yakan jinkirta shigar zafi har rana ta faɗi. Ginin bulo siriri mai rufin kwano ba shi da wannan hali, sai an taimaka masa. Gwamnatin Tarayya ma ta lura da haka, domin a shekarar 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta fito da ƙa'idar gine-gine masu tsimin makamashi, wadda ta yi magana a kan girman tagogi, da inuwa, da kare rufi daga zafi.

LISSAFIN KUƊIN WUTA

Dalilin da ya sa zafin gida ya shiga cikin farashinsa shi ne tsadar wuta. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wutar Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa ga kamfanin AEDC. Daga 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa yawan awoyin da aka yi musu alkawari a yini: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Wanda ya dogara ga janareta shi ma bai tsira ba, tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023.

Lissafin ba shi da wuya. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 ke ci cikin awa ɗaya. Fankar sama takan ci kimanin wat 75. Idan ta yi awa 8 kullum har kwana 30, ta ci yunit 18, watau naira 4,050 a bisa farashin Afrilun 2024. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai cin kimanin wat 1,000, idan ta yi aiki ba hutu na wannan lokaci, za ta ci yunit 240, watau naira 54,000. Wannan ɗaki ɗaya ke nan, wata ɗaya. Kowa ya dubi rasit ɗin katinsa na wuta, ya sa farashin rukuninsa, zai ga nasa lissafin. Ashe gidan da fanka ta ishe shi da gidan da ba ya zaunuwa sai da na'ura ba darajarsu ɗaya ba, ko da girmansu ɗaya ne, suna kuma layi ɗaya.

ZAMAN CINIKI

Kafin a zauna, kowane ɓangare ya san darajar gidan ta gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a binciki abin da aka sayar da gidaje biyu ko uku masu kama da shi a unguwar cikin shekarar da ta wuce. A kula, kuɗin da aka biya ake nema, domin sunan da mai gida ya sa daban ne. Hanya ta biyu ita ce a dubi kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara. Idan kuɗin cinikin na da yawa, gara a ɗauki ƙwararren mai kimanta gidaje. Dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista.

Dillali yana da amfani, amma a tuna la'adarsa tana ƙaruwa ne idan farashi ya ƙaru. A yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya, a kuma hana dillalai su yi sarƙa tsakanin mai gida da mai saye, kowa na ɗora nasa.

Ga misali domin a gane. A ce wani dattijo a Gangaren Tudu ya sa wa gidansa suna naira miliyan 20. Mai saye ya bincika, ya tarar irin gidan bai wuce miliyan 18 ba. Ya kuma kawo kafinta da magini suka kimanta cewa sa silin a ɗakuna uku, da fasa taga ta biyu a kowane ɗaki, da yin rumfa a bangon yamma, za su ci miliyan ɗaya da rabi. Da aka zauna, bai kushe gidan ba. Sai ya ce, "Baba, gida ya yi, Allah ya sa albarka. Sai dai na shiga ɗakunan baya da azahar, ba silin, ga kuma takardar da kafinta ya rubuta. Na saya sha shida." Dattijon ya ce, "Albarka, ɗana. Ƙara dai." Aka yi ta ja cikin mutunci har aka tsaya a sha bakwai, bisa sharaɗin mai gida zai biya bashin wuta, ya kuma sa hannu a takardar neman yardar Gwamna. Sa'an nan ya ce ya sallama.

Abin lura a nan shi ne mai sayen ya zo da hujja a rubuce, bai nuna zumuɗi ba, ya kuma tsayar wa kansa iyakar da ba zai wuce ba. Bai kashe duk abin da ke hannunsa a kan farashi ba, ya ware kuɗin lauya da safiyo da hatimi da rajista da gyara.

Mai sayarwa shi ma yana da nasa darasi. Kada ya bari a san matsuwa ce ta sa shi sayarwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya haɗa takardunsa tun kafin ya kira dillali. Ya yi ƙananan gyare-gyare masu araha, kamar toshe yoyo da gyaran taga da shafa farar ƙasa. Kada kuma ya ɓoye aibin da ya sani, kamar tsagewar bango ko gara a katakon rufi, domin ɓoye aibi yana iya jawo a warware cinikin a gaban alƙali.

BIYA DA RUBUTU

Idan ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. A bayyana farashi, da kafin alƙalami idan an ba da, da abin da zai faru da shi idan wani ya janye, da ranar cika kuɗi, da ranar miƙa makulli, da abubuwan da za a bari a gidan, kamar mita da tankin ruwa da fankoki. A biya ta banki, cikin asusun mai gidan kansa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kada a cika kuɗi sai an karɓi takardun asali. Bayan haka lauya zai shirya takardar miƙa mallaka, a nemi yardar Gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista da sunan sabon mai gida. Mutane da yawa sukan tsaya a kan takardar shaidu su ajiye ta ƙarƙashin katifa, matsalar kuwa ba ta fitowa sai ranar da suka je neman rance, ko bayan sun rasu.

HANYOYIN RAGE ZAFI

Wanda ya shiga sabon gida, ko yake cikin tsoho, ya fara da mafi araha:

1. Rufi. Ta nan mafi yawan zafi ke shiga gida marar bene. A sa silin, a bar sarari tsakaninsa da kwano, a yi ƙananan kafofi masu raga domin iskar da ta yi zafi ta fita. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken rana. Birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, wanda ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, ya sa shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti cikin ayyukansa. A wanke ƙurar hunturu daga rufin kafin bazara.

2. Inuwa. Tare rana daga waje ya fi tare ta da labule bayan ta riga ta shigo. Rumfa ko baranda ko zana a bangon gabas da na yamma suna da amfani. A dasa mangwaro ko dogon yaro, amma nesa da harsashin gini saboda saiwa.

3. Iska. A buɗe tagogi da dare da asuba, a sa musu raga saboda sauro, a rufe na ɓangaren rana idan hantsi ya dubi ludayi. Cunkoso a ɗaki marar iska lokacin zafi yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau.

4. Zafin cikin gida. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi. A yi girki a madafa ta waje, a janye firji daga jikin bango da inda rana ke bugu.

5. Na'urar sanyaya ɗaki. Idan ta zama dole, a sayi wadda ta dace da girman ɗakin, zai fi kyau mai inbata, wadda ke rage gudunta idan ɗaki ya yi sanyi. A tsayar da ita tsakanin digiri 24 da 26, a haɗa ta da fanka, a toshe ƙarƙashin ƙofa, a wanke matacinta a kai a kai.

6. Dabarun gida. Randa tana sanyaya ruwa ba da ko kwabo ba. Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya. Dabarar ta fi aiki lokacin da iska ke bushe, ƙarfinta kan ragu idan damina ta matso.

Gargaɗi: kada a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure ko kusa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, wadda takan kashe iyali suna barci.

KAMMALAWA

Ana kira ga jama'a, musamman magada da ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama, da kada su sa hannu a kan kowace takarda sai sun bincika a ofishin rajistar filaye na jiharsu, sun kuma shiga gidan da tsakar rana. Ana roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin majami'u da malaman yaƙi da jahilci su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa ake neman yardar Gwamna kafin cinikin gida a birni ya inganta?
2. Waɗanne takardu ya kamata a gani kafin a sayi gidan gado?
3. Idan fanka biyu masu wat 75 suka yi awa 10 kullum har kwana 30, yunit nawa suka ci?
4. A kawo gyare-gyare uku masu araha waɗanda za su rage zafin ɗaki mai rufin kwano.